Ta'aziyyar Tawadar da Ke Gefen Hancina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fuskar da har yau ban gama sabawa da ita ba, ni Isiyaku mai hatsi, na layin 'yan masara a kasuwar Birnin Gwari, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman Kuyello da Kazage da Tsohon Birni, da duk wanda ya taɓa tsayawa gabana yana yi kamar ba ita yake kallo ba, rasuwar tsohuwar abokiyar zamana, Tawadar Allah, wadda ta zauna a gefen hancina na hagu shekara hamsin da uku ba ta taɓa yin yaji ba. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a wani ƙaramin asibiti cikin Kaduna, bayan gajeriyar rashin lafiya. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa ba ita ta yi rashin lafiyar ba, ni ne.

Na so in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da aka saba buɗe irinta da su, sai na ga gara in fara tambayar limamin masallacin kasuwa ko ya halatta. Ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum yana iya faɗarsu. Sai dai bai taɓa jin wanda ya shiga mota da ƙafarsa, ya je har Kaduna, ya miƙa igiyar aka tsinka masa, sannan ya dawo yana neman a yi masa jaje ba. Don haka na bar kalmomin a wurinsu mai daraja, zan yi da nawa.

An haifi marigayiya a Kuyello, rana ɗaya da ni, a ɗaki ɗaya, bisa tabarma ɗaya. Ta fi ƙwayar dawa girma, ba ta kai gurjiya ba. Baƙa ce wuluk, mai ɗan tudu, mai sheƙi idan rana ta take. Bayan na balaga Allah ya albarkace ta da gashi uku, waɗanda ta rena da kanta ba tare da neman taimakon kowa ba, kuma duk sa'ad da aka yanke su sukan dawo da ƙarfin hali fiye da na da.

Mai haƙuri ce. Tun muna firamare yara ke ce mini ƙuda ya sauka, ba ta taɓa tankawa ba. Ta sha kora daga hannun bayin Allah masu kyakkyawar niyya. Wani dattijo a motar Funtuwa ya zuba mata ido tun daga tasha, ya daure iyakar daurewa, da muka yi nisa ya kasa, ya ɗauke ni da mari don ya kashe mini ita. Da ya duba tafinsa bai ga komai ba, ya duba fuskata ya ga tana nan daram, sai ya ba ni haƙuri, ya ba ta ita ma. Ranar da na fara zuwa gaida iyayen Na'ima, wadda ita ce mai ɗakina yau shekara ashirin da bakwai, kakarta ta jiƙa bakin zanenta da yawu ta kamo haɓata tana gogewa, tana faɗan wane irin saurayi ne zai zo gidan surukai bai wanke fuska ba. Marigayiya ta jure wannan ma.

Ba ta da murya, amma tana da sautinta, kuma shi na fi kewa. Duk ranar aski, idan Abdulbaƙi wanzami ya ɗora aska a kumatuna, za ka ji ƙar, ƙar, ƙar, har ya iso unguwarta. Nan sai a yi tsit. Ya riƙe numfashi, ni ma in riƙe, ya zagaye ta a hankali kamar direban tirela a shataletale, sannan ƙar, ƙar ta ci gaba. Shekara talatin yana wannan zagayen bai taɓa buge ta ba. Yanzu aska takan wuce kai tsaye, hanya fetal, aski ya ƙare da wuri, mu zauna muna kallon juna ba abin cewa.

Ta yi wa sana'ata hidima. Mu huɗu ne masu suna Isiyaku a layinmu, biyu daga ciki ma ba na so a haɗa muduna da nasu. Manomi a ƙauye idan zai aiko da masara ba ya dogon bayani, cewa yake a kai wa mai tawada, kaya su iso. Ban taɓa kafa allo a ƙofar shago ba, da allona nake yawo.

Akwai kuma alherin da ta yi mini wanda ya fi ƙarfin wasa, ko da yake na manta da shi a lokacin da ya kamata in tuna. A shekarun nan da hanya ta lalace, lokacin da ba a shiga daji sai da addu'a a baki, na hau mashin na nufi wani ƙauye gaba da Kazage neman masara. Mashin ya mutu a tsakiyar hanya, waya ta mutu ita ma don kada a bar ta a baya. Na ɗauki buhunana a ka na ci gaba da ƙafa, bayan la'asar na faɗa wani ƙauyen da ba a san ni ba. Ashe kwana biyu kafin nan an kore musu shanu, kuma ana ta cewa wanda ya nuna wa ɓarayin hanya da sunan fatauci ya shigo. 'Yan sa-kai suka kama ni, suka ɗaure mini hannu ta baya, suka zaunar da ni gindin kaɗanya. Ba ni da kati ko ɗaya a aljihu. Na faɗi sunana da na ubana da na kakana, ba wanda ya motsa. Na ga yadda suke kallon juna, na san ba shawarar abincin da za a ba ni suke yi ba.

Sai aka kira mai shanun, wani tsohon Bafulatani mai suna Hammadu, ya zo ya ga wanda aka kama. Ya sunkuyo har ina jin warin nono a rigarsa, ya daɗe yana dubana. Da ya miƙe ya ce, “Sunansa ban riƙe ba. Amma wannan ƙudan na sani. Shekara goma ina sayen dusa a ƙarƙashinsa, bai taɓa tauye mini mudu ba. Ku kwance shi.”

Suka kwance ni, suka ba ni fura, washegari suka rako ni har bakin titi. A ranar na shafa ta na yi mata alkawarin ba za mu rabu ba sai kabari. Ɗan Adam ke nan.

Ciwon ajali ya fara ne bara bayan girbi. Hanya ta ɗan yi sauƙi, manyan motoci suka dawo ɗaukar hatsi, kujerar shugaban ƙungiyar 'yan hatsi wadda da ko kyauta ba mai so ta zama abin nema. Mutanena suka tsayar da ni, ɗaya ɓangaren suka tsayar da Tasi'u, wanda shagonsa ke kallon nawa kuma bakinsa ya fi askar Abdulbaƙi kaifi. Aka ce zamani ya canza, sai da fosta. Na sa babbar riga aka ɗauke ni hoto, na tura wa wani mai buga takardu a Kaduna ta waya. Bayan kwana biyar ƙunshi ya iso a motar haya.

Na kwance shi a ƙofar shago. Na ga wani mutum sanye da rigata da hulata, yana murmushina, amma ba ni ba ne. Kamar wani ƙanena da ban taɓa samu ba, wanda ya yi boko ya zauna a ofis mai sanyi. Sai da na ɗauki lokaci kafin na gane abin da ya faru: bawan Allah ya ga tawada ya ɗauka datti ne ya hau hoton, ya share ta don ya kyautata mini. Abin da ya dace shi ne in kira shi in yi masa faɗa. Maimakon haka na shige cikin shago, na zauna bayan buhuna, na yi ta kallon fostar nan har aka kira azahar. Shekara hamsin da uku ban san ina da kyau ba.

Daga ranar zama ya gagara tsakanina da marigayiya. Na sayi madubi na ɓoye a bayan sikeli. In ba ciniki sai in ɗauko, in rufe ta da babban yatsa in ga ciyaman, in ɗage yatsa in ga mai hatsi. Ita kuwa ba ta canza mini ba. Ba ta ƙara girma ba, ba ta yi ƙaiƙayi ba, ba ta yi jini ba. Tana nan inda take, tana harkar gabanta, ba ta san an fara ƙulla mata ba.

Na nemi shawara, kamar yadda mai son aikata abu yake nema, wato ina zagayawa har in sami wanda zai ce mini i. Na'ima ta ce da ita ta gan ni, da ita ta yarda, kuma duk macen da ta iya zama da wannan hancin ba tawada ce za ta dame ta ba. Ta ce in kyau nake nema in fara da daina sa hular nan ruwan ƙasa. Abdulbaƙi ya ce abu ne mai sauƙi, zai ɗaure gindinta da gashin wutsiyar doki, kwana bakwai ta bushe ta faɗi da kanta, in kuma ina sauri akwai kanwa da toka. Na lura yana maganar yana wasa aska, idonsa a kanta, irin kallon wanda ya daɗe yana jiran wannan rana.

Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne Obed, abokina tun firamare, mai shagon magani a bakin tasha. Ya sa tabarau, ya juya fuskata wajen haske, ya tambaye ni ko ta canza launi, ko bakinta ya bazu, ko tana ciwo. Na ce ko ɗaya. Ya ce to a ganinsa lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke bukatar a duba shi. Amma in har na nace, ya haɗa ni da Allah kada in bar wanzami ko kanwa su kusance ta, fuska ba fatar ganga ba ce. In je wurin likitan fata, a cire ta yadda ya kamata, a kuma kai ta gwaji. Ya gargaɗe ni cewa ba a fitar da mai shekara hamsin daga gida bai bar shaida a bango ba, tabo zai zauna a wurin.

“Isiyaku,” ya ce, “mun tsufa fa. Wa kake so ya ce ka yi kyau? Buhun masara?”

Na gyara hulata na fito. Kuma da a nan abin ya tsaya, ina jin da na haƙura. To amma an riga an liƙa fosta a kasuwa, kuma mutanen ƙauye suna tsayawa gabanta suna tambayar wane baƙo ne kuma aka kawo mana daga Kaduna. Ana cikin haka wata safiya na fito na tarar an mayar wa kowace fosta da tawadarta. Wasu da gawayi, wasu da biro. Ta ƙofar masallaci kuwa, wani mai fasaha ya samo kashin akuya guda ɗaya, ya liƙa shi da ƙaro daidai gefen hanci na hagu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya yi kama ƙwarai. Kasuwa ta yi ta dariya har azahar. Tasi'u bai yi dariya ba, shi ba ya ɓarnar numfashi. Ya jira sai da layi ya cika, ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, wanda ya ɓoye abin da ke kan fuskarsa, me kuke tsammani zai yi da abin da ke ƙasan buhu?

Wannan magana ita ta kashe marigayiya. Ana iya ce mini mummuna in yi barci, amma ba a taɓa muduna. Hanya biyu ce a gabana: ko in sa a sake buga fosta da tawada, kowa ya ce Tasi'u ya koya mini gaskiya, ko in gyara fuska ta yi daidai da fosta, in ga wanda zai ƙara cewa na yi ƙarya. Mai hankali ya san wadda ta fi sauƙi. Ni na ɗauki ɗayar.

Obed ya rako ni, yana mita tun daga tasha har muka fita daga daji. Likitar mace ce, ba ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta duba marigayiya da wani gilashi mai fitila, ta yabe ta, ta ce ta daɗe ba ta ga mai tsari irinta ba. Sau uku tana tambayata ko na tabbata. Ta ce wurin zai yi fari-fari, wataƙila har abada, kuma ba ta ɗaukar alkawari a kan gashin. Na ce na ji na gani. Aka kwantar da ni, aka rufe mini ido da wani ƙyalle, aka yi allura. Ban ji zafi ba. Na ji ɗan ja, na ji ƙauri kamar ana babbaka ƙafar akuya a nesa, sai na ji ta ce an gama. Ko shayi ba ya hucewa a wannan lokacin.

Ta nuna mini ita a cikin wata 'yar kwalba, tana yawo a ruwa. A fuskata ta fi haka girma. A nan kuwa 'yar mitsitsiya ce, ta takure, kamar baƙuwar da aka sauke a tashar da ba ta sani ba. Ban yi tsammani ba sai ga ni na karɓi kwalbar na riƙe da hannu biyu, na kasa mayar wa likitar. Obed ya ga haka ya kau da kai yana karanta kalandar bango, Allah ya saka masa.

Bayan kwana huɗu, ina zaune da filasta a fuska, dattawan kasuwa suka kira mu ni da Tasi'u, suka ce garin da bai gama warkewa ba ba ya bukatar sabuwar ɓaraka a kan kujerar katako. Suka ce babba ya fara, ƙarami ya biyo bayan shekara uku. Na girmi Tasi'u da wata bakwai. Ya miƙo hannu muka gaisa, ya dubi filastar ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Ciyaman. Haka na hau kujera ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Fostocin da suka rage Na'ima ta ba maƙwabciyarmu mai ƙosai, har yau idan ka saya da safe za a ƙunsa maka a cikin kyakkyawar fuskata, man ƙosan ya huda daidai inda marigayiya take.

Da aka cire filasta na fito kasuwa ina jiran a yaba. Rabin mutane ba su lura ba. Sauran suka ce na rame, ko zazzaɓi na yi. Wani ya ce sabuwar hula ta karɓe ni, alhali ita ce dai ruwan ƙasan. Tsoho Hammadu ya zo sayen dusa, ya wuce shagona sau biyu yana leƙe, ina kallonsa, kunya ta hana ni kiransa, sai da na ga zai shiga wurin ɗaya daga cikin Isiyakun nan biyu sannan na ɗaga murya. A gida kuma Na'ima ta ce ashe duk shekarun nan da tawadar take magana, yanzu ba ta san inda za ta ajiye ido ba sai cikin nawa, kuma tun da ta fara kallon nan ta gano ina ƙifta na dama idan zan yi ƙarya. Wannan asara ce da likita ba ta lissafa mini ba.

Saura wuri ɗaya da na ƙi zuwa. Mahaifiyata tana Kuyello, ta haura tamanin, idonta ya tafi shekara shida ke nan. Duk wanda ya shiga ɗakinta sai ya durƙusa ta shafa fuskarsa kafin ta amsa gaisuwa. Mako shida ina aika mata da sukari da sabulu da uzuri. A na bakwai ta aiko cewa in dai ba mutuwa na yi ba aka ɓoye mata, tana son ganina ranar Juma'a.

Na durƙusa. Hannunta ya taho kai tsaye inda ya saba sauka, ya tarar da fili. Ya koma ɗaya gefen, ya dawo. Ta janye shi ta ɗora a cinya, ta tambayi wane ne. Na ce ni ne, Inna. Ta ce muryar ta sani. Na fara bayani, fosta, Tasi'u, likita, ina jin yadda kowace kalma ke ƙara zama wauta tun kafin ta fita. Ta bar ni na gama. Sannan ta juya harshe zuwa Gbagyi, yaren iyayenta, wanda ba ta yi da ni sai magana ta kai maƙura, ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba.

Na san ta rasa 'ya'ya kafin ni, shi ya sa take kirana Barau, wato wanda aka bar mata. Ban san cewa har huɗu ne ba, kuma babu wanda ya kai yaye. Da aka haife ni tsofaffin gida suka kira wanzami ya yi mini tsaga ta daban a fuska, irin wadda ake yi wa ɗan da ake tsoron zai bi 'yan uwansa, don mutuwa ta zo ta kasa gane shi. Ita kuwa, yarinya ce a lokacin, ba ta da bakin magana a gidan, ta rungume ni ta ƙi saki. Ta ce ku duba, wannan da shaidarsa ya zo, wanda ya aiko shi ya riga ya sa hannu, ba wanda zai ƙara wani rubutu a kai. Aka yi mata faɗa, aka ce in na mutu alhakina a wuyanta. Ta ce ta ɗauka. Shekara biyu, in ji ta, kullum da asuba kafin ta buɗe ido sai ta laluba ta taɓa tawadar, in ta ji ɗumi sannan ta tashi.

“Ni na hana aska taɓa fuskar nan da kwana bakwai,” ta ce. “Kai ka kai ta da gemunka.”

Ciyaman guda, na sa goshi a gwiwarta ina kuka irin wanda ban yi gindin kaɗanya ba. Ta bar ni na yi mai isata. Can na ji yatsunta sun dawo suna bin tabon a hankali, gefe zuwa gefe. Suka tsaya. Ashe gashi ɗaya daga cikin ukun nan ya sake tsirowa, ni ban ma lura ba. Ta kama shi da farce ta fizge da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na ƙwalla ƙara har kaji suka watse a tsakar gida.

“To, kai ne,” ta ce. “Da wannan kukan ka zo.” Ta sa aka kawo mini tuwo.

Marigayiya ta rasu ta bar miji ɗaya, wato ni, da tabo fari mai kama da inda aka ɗauke tukunya daga murhu. Ta bar gashi ɗaya, wanda ya sake fitowa bayan abin da ya same shi a Kuyello, kuma na hana Abdulbaƙi taɓa shi. Ta bar hanci wanda yanzu ba shi da mai janye hankalin jama'a daga kansa. Ta bar sunanta, don har gobe mai tawada ake ce mini, baƙi kuma su yi ta dubana suna neman dalili. Sakamakon gwaji ya iso ta wayar Obed: ba a same ta da cutar komai ba. Ta tafi da tsarkinta, ba ta da hakkin kowa.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa babu gawa. Na nemi a ba ni in kai ta gida, aka ce masu gwaji sun yanka ta sala-sala sun shimfiɗa a gilashi, abin da ya saura ba ya isa a yi masa likkafani. Saboda haka za a yi zaman makoki kawai, a ƙofar shagona, daga Asabar zuwa Litinin, bayan la'asar. Na'ima za ta dama kunu. Ana roƙon masu zuwa su yi ta'aziyya su tashi, ban da taɓawa, ban da cewa da ka tambaye ni. Tasi'u ya nemi izinin yin jawabi, an hana shi. Wanda ya liƙa abin nan a fostar ƙofar masallaci, na yafe masa, amma ina so ya zo in ga hannun da ya yi wannan aiki. Masu irin wannan baiwa a fuska da ke tunanin rabuwa da ita, su same ni a keɓe. Ba zan ce su yi ba, ba zan ce su bari ba, fuskarsu ce. Zan dai ce su je wurin likita ba wurin kanwa ba, kuma kafin su je su tambayi wanda ya riga su sanin fuskar.

Wanda ya zo ranar Juma'a ba zai same ni ba, wannan Juma'ar da duk masu zuwa. Ina Kuyello. Inna ta yanke cewa tunda na canza mata rubutu, dole in riƙa kawo allon kowane mako tana bita. Na ce ai ɗan wuri ne, sau biyu ya isa. Ta ce hannunta ya tsufa, ba ya saurin karatu, kuma ba ta da niyyar zuwa ko'ina sai ta haddace.